Malam Ashafa da Faifan Tsofaffin Ingila

Kwana tara Malam Ashafa na Zaitawa ya yi yana juya magana ɗaya a ransa, har abinci ya fara fita a kansa. Tsofaffin ɗaliban makarantarsu za su yi taron cika shekara hamsin da gamawa, kuma sun kafe lallai sai ya busa musu sarewarsa ta ƙarfe kamar yadda yake yi lokacin da gashinsa yake baƙi. Ranar Juma'a zai ba su amsa. Shi kuwa mutum ne da ya fi tsoron dariyar sa'o'insa a kan zazzaɓi. Ya ciro sarewar daga ƙasan akwati ya gwada a ɗaki, bai kai ko'ina ba numfashi ya ƙare masa, ya zauna a bakin gado yana haki.

Busar nan a wajen wasu makaɗan Ingila ya koye ta, mutanen da bai taɓa gani ido da ido ba. Wani malamin makarantarsu ɗan Ingila ne ya bar masa faifan makaɗan guda biyu da zai koma gida, ya yi ta bi har suka goge. Kiɗan nasu wani iri ne. Sai su fara da waƙar ƙauyensu a sanyaye, kwatsam jita da ganguna su ɓarke, mai sarewa ya bi bayansu a guje. Ana cikin wannan hali sai 'yar ƙaninsa Shamsiyya, wadda ke karatu a Ingila, ta aiko masa da sabon faifansu. Ashe mutanen suna nan da ransu, har suna aiki. A jikin kwalin ga tsofaffi huɗu, ɗaya da sanda, ɗaya kansa babu ko sili. Nan take Malam Ashafa ya ƙudurta cewa sai ya ji yadda tsufa ya yi da mai sarewar nan kafin ya ba kowa amsa.

Bayan la'asar ya rungumi faifan ya nufi Gwale, gidan amininsa Ɗantani, tsohon mai gyaran rediyo, wanda shi kaɗai ya rage da garmaho mai aiki a cikin sanayya. Ɗantani yana ji da na'urar nan fiye da yadda yake ji da haƙoransa da suka saura. Shekara da shekaru ƙananan faya-fayan makaɗan gida yake sawa a kanta, ba ya barin kowa ya taɓa. Ya goge allurar da bakin rigarsa, ya ɗora babban faifan, ya koma ya harɗe.

Abin da ya fito ya kusa tsayar wa Malam Ashafa da zuciya. Muryar mawaƙin siririya ce, ta fi ta samartakarsa kaifi. Sarewa kuwa gudu take kamar an biyo ta, ba a ma jin inda yake shaƙar iska. Ɗantani ya shiga kawo bayani irin nasa, wai sanyin ƙasarsu ne yake adana huhu, wai kuma ba sa cin yaji. Kunya ce ta rufe Malam Ashafa, ga baƙin ciki. Mutumin da ya girme shi da shekara goma yana wannan gudu, shi kuwa ko tsayar da sauti ɗaya ya gagara. Ya ciro wayarsa ya danna lambar Alhaji Shehu, shugaban taron, don ya ce masa a nemi wani.

Wayar tana cikin ƙara sai ga Hajiya Lami, matar Ɗantani, ta shigo zaure da jug na zoɓo. Ta tsaya ta saurara, ta yamutsa fuska.

"Malam, waɗannan bayin Allah wa yake korar su?"

Ɗantani ya ce mata wannan kiɗan masu ilimi ne, ta ajiye zoɓo kawai. Ta ajiye ɗin, sannan ta miƙa hannu gefen garmahon, kafin ya hana ta ta tura wani ɗan maɓalli daga arba'in da biyar zuwa talatin da uku. Ta shaida masa cewa tun tana amarya ita take kunna na'urar in ya tafi shago, kuma ko a lokacin ta san babban faifai ba a juya shi da saurin ƙarami. Ɗantani, mai gyaran rediyo na shekara arba'in, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Sai ga muryar tsoho ta fito, mai kauri, tana ɗan rawa a ƙarshen kowane baiti. Sarewar ta shigo a hankali. Tsakanin sauti da sauti ana jin mutumin yana jan numfashi, wani wajen har da ƙyar, bai ɓoye ba, bai kuma yi sauri ba. Kuma daɗinta ya fi na duk faya-fayan da Malam Ashafa ya haddace yana saurayi. Dariya ta kama shi har ya riƙe ciki, hawaye na zuba, shi kansa bai san na dariyar ne ko na daɗi ba.

Can ya ji ana ta sallama daga cikin tafin hannunsa. Alhaji Shehu ya daɗe da ɗauka, yana tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau, Alhaji," in ji Malam Ashafa yana share ido. "Ka sa sunana, zan busa. Amma ka faɗa musu a hankali zan yi, kuma za su ji ina haki. Wanda yake sauri ya tafi gida."