A Kafaɗa Za Ku Kai Ni

Ba mu kai bakin kwalta ba hannun makarar ya ce ƙaras. Mu shida ne a ƙarƙashinta, kowa gumi na zuba, ga ranar Garwa ta tsaya tsakiyar ka. Allah ya taimaka aka tare, gawar Alhaji Hamadu ba ta kai ƙasa ba. Aka ajiye shi a inuwar darbejiya, aka tsaya ana kallon kallo. Ƙarshe dai motar wani mai dakon albasa aka tsayar, aka share ɓawo da hannu, aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora bawan Allah a baya.

Muna bin motar wani mai sakin baki ya ce, "Wannan ai lodi ne, ba jana'iza ba." Wasu suka kau da kai suna danne dariya. Tahir, ƙanin mamacin, yana bayansu, kuma ya ji.

Tahir maƙwabcina ne a unguwar Yelwa, katanga ɗaya ta raba mu. Dillalin gyaɗa ne a babbar kasuwa. Ni kuwa tela ne, ni nake ɗinka masa riguna, don haka babu wanda ya fi ni sanin yadin da yake ci. Shi da yayansa jiki ɗaya suka gado. Idan ya hau moto, wato babur, tayar baya kake fara tausaya wa kafin mai tuƙin.

Bayan sadakar bakwai ya shigo shagona, ya cika ƙofar har na daina ganin bakin allura.

"Tela, ɗauko santimitarka."

"Sabuwar riga ana cikin makoki?"

"Ba riga ba. Auna ni, sannan ka je masallaci ka auna makarar da aka gyara. Ni ba za a kai ni kamar buhu ba, Jafaru. A kafaɗa za ku kai ni, da ƙafafunku, har bakin rami."

Na ce masa mutuwa ba ta tambayar kilo. Ya ce ya sani, ai ba da ita yake magana ba, da mu yake. Na zagaya masa igiyar awo, da ƙyar bakinta biyu suka gaisa a kan cibiyarsa. Makarar kuwa ya fi ta faɗi da tafin hannu guda.

Sai da ya je opital, wato asibiti, doktor ya ce ya fara motsa jiki amma a hankali, sannan ya nufi wajen Landry. Landry mai walda ne, Kirista ɗan Kaele, yana da fili bayan garejinsa inda samari ke ɗaga ƙarfe: tsofaffin ƙarafan mota da gwangwanaye cike da siminti. Can Tahir ya dinga zuwa bayan asuba, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, yana nishi tsakanin sa'o'in 'ya'yansa. Kalma ɗaya Landry yake maimaita masa, mai nufin a hankali, "Dusma, Papa Tahir, dusma."

Duk Jumma'a in an sauko masallaci zai zo in auna ciki da ƙirji da damtse, in ja layi da alli a bangon shago. Daga nan ya wuce kasuwa ya hau sikelin auna buhu, 'yan dako suna masa shewa.

Unguwa kuwa ta samu abin yi. Mu a wajenmu tumbi shaidar rufin asiri ne, babba ba ya ramewa a banza. Wasu suka ce ya karye, wasu suka ce jifa ne. Wata gwaggonsa ta taso tun daga Bogo da ƙullin magani. Mardiya, matarsa, ta same ni a ƙofar gida idonta jawur.

"Malam Jafaru, ka yi wa abokinka magana. Tuwo malmala ɗaya, shayi babu sukari! So yake a ce na kasa riƙe miji?"

Na gaya masa. Ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa, ya ce, "Bar su. Wanda ya ji nauyin Hamadu a wuyansa ba zai yi wannan magana ba."

Shekara ta zagayo, na rage masa riguna har na gaji da farke ɗinkina. Wallahi ina alfahari da mutumin nan. Wanda a da sai ya dafa bango yake tashi daga sujada, ranar nan na gan shi ya sungumi buhun gyaɗa ya ɗora a amalanke, ya juyo yana neman wanda ya gani. Ni na gani, kuma har yau ina ba da labari.

Sai sikeli ya tsaya. Ciki na raguwa, damtse na ƙaruwa, amma allurar ta kafe a kilo ɗari da goma kamar an buga mata ƙusa. Ya zo shago a fusace, Landry na biye da shi yana lallami.

"Papa, tsoka ta fi kitse nauyi. Dubi santimita, kada ka dubi kilo. Lafiya ce wannan."

"Masu ɗaukata santimita za su ɗauka ko kilo?"

Tahir ya zauna kan benci, sannan ya ƙura wa kafaɗuna ido yadda yake duban gyaɗar da bai yarda da ita ba.

"Tela, wannan kafaɗar ce za ta ɗauke ni? Kafaɗar fara? To, in ni na gama raguwa, ku sai ku ƙaru."

Na ɗauka wasa yake. Washegari bayan asuba ya tsaya a ƙofar masallaci ya tare mu: ni, da Sabi'u mai shayi, da ladan, da wasu dattawa uku da rabonsu da ɗaukar abin da ya fi buta tun suna samari. Ya ce haƙƙin maƙwabtaka ne, wanda ya ƙi zai haɗu da shi gobe kiyama. Haka muka jeru a filin Landry da jallabiyoyinmu, kowa da sandar ƙarfe a wuya, muna durƙusawa muna tashi, yara na leƙe ta katanga. Satin farko matata ce take ɗaura mini tazuge. Amma ba mu daina ba, bangon shagona ya cika da layukan alli, kowa da nasa. Ladan har gori yake wa Sabi'u da damtse.

A daminar bara zazzaɓi ya kama Tahir. Muka ce na kwana biyu ne, ashe ya taɓa ƙoda. Da aka dawo da shi daga opital, na shiga na same shi kwance, ruwa na ɗiga daga indararo, Mardiya na masa fifita. Muryarsa ta shige ciki.

"Ka zo da ita?"

Na san abin da yake nufi. Na ɗora igiyar daga kafaɗa zuwa kafaɗa.

"Za ka shiga, har da sauran wuri."

"Ku fa?"

"Jiya ladan ya ɗaga ƙarfen da kake ɗagawa."

"Ƙarya yake," ya ce, yana murmushi. "Useko, Tela. Na gode."

Da hantsin washegari ya cika.

Bayan an yi masa salla, wani ɗan'uwansu mai hali ya matso da mota, ya ce maƙabarta da nisa, ga taɓo. Ban san lokacin da na ce masa ya mayar da motarsa ba. Muka shiga ƙarƙashin makarar, Sabi'u ya ce bisimilla, muka miƙe tashi ɗaya. Nauyi kam akwai shi, ba zan yi ƙarya ba. Amma babu wanda ya tanƙware. Muka ratsa Yelwa, muka hau kwalta, masu moto suna tsayawa, 'yan dakon kasuwa suna rububin karɓa, mu kuma muna jin rowar saki. Landry na can baya da hularsa a hannu, ina jiyo shi ƙasa-ƙasa yana cewa dusma. Ina kuka, amma ban taɓa tafiya da kaina a sama kamar ranar ba. Ba mu ajiye shi ba sai a bakin rami.

Da muka dawo, mutane suka zauna a tabarmin ƙofar gida. Wata yarinya ta ce ana kirana daga ciki. Mardiya ce tsaye bayan labulen zaure, fuskarta a kumbure.

"Malam Jafaru, da me kuka kai shi?"

Sai na juya mata kafaɗata ta dama, inda katakon ya bar shatinsa a farar rigata, ya murje zaren har fata. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta gyaɗa kai, ta saki labulen a hankali.