Kulorin Ɗin da Ya Sha Rana

Tun da Baba ya gina wurin ninƙaya a bayan gida, babban ɗansa, wanda ake kira Yaya, shi ne ke kula da ruwan. Kwatsam ruwa ya fara yin kore, duk da kulorin, maganin tsabtace ruwa, da yake zubawa.

Ran Asabar mijin ƙanwar Yaya ya zo gaisuwa. Da ya ga jarkar kulorin a rana, ya ce, "Yaya, bari mu gwada ƙarfinsa." Ya ɗiga kaɗan a bokitin ruwa, ya tsoma 'yar takardar gwaji. Da ƙyar ta canza launi.

"Rana ta kashe masa ƙarfi. A sayo sabo, a ajiye a inuwa."

Baba ya dafa kafaɗar surukin. "Allah ya yi maka albarka, ɗana!"

Kalmar nan "ɗana" ta tsaya wa Yaya a rai. Shekara da shekaru yana kwashe ganye daga ruwan nan, ko sannu bai taɓa samu ba.

Ya sayo sabon, ruwa ya yi garau. Baba ya ce a kira suruki ya zo ya gani.

"Wayata ba caji," in ji Yaya, alhali a cike take.