Kiran Panya a Bakin Gada

Oratai ta matse birkin keke a bakin wata gada, ta dire ƙafa ɗaya a ƙasa. Kwalta na tururi, gumi ya manne mata riga a baya. Ta kaɗa ƙararrawar keken, sannan ta waiwaya kujerar baya, inda babu kowa sai jakar kaya da shuɗiyar rigar Panya da ta ɗaure a kai.

"Panya, ga gada. Riƙe ni da kyau, za mu haye."

Ranar da ta fara wannan kira, can kudu cikin gonakin roba, da kunya ta yi shi, murya ƙasa-ƙasa, kada wani ya ji ma'aikaciyar jinya guda tana magana da iska. Yanzu kuwa, bayan makonni tana taka feda ita kaɗai, har hira take yi masa. Takan yi masa tsiya kan sirdin kekensa mai tauri kamar dutse. In ta tsaya cin kwaɗon ɗanyar gwanda, sai ta ce masa barkonon nan ya fi ƙarfinsa, duk da yana cika baki.

Panya ƙanenta ne, autan gidansu. Bara ya ɗauki keken nan daga bakin teku ya nufo gida shi kaɗai, wai zai ratsa ƙasar ya iso wa Inna ranar bikin ruwa, na sabuwar shekararsu, da ake watsa wa juna ruwa. Bai yi nisa ba wata akori-kura ta bi ta kansa da rana tsaka. Direban ko tsayuwa sosai ba ya iya yi saboda giya. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne bai gan shi ba.

A ƙasarsu kowa ya sani, wanda ya mutu a kan hanya kurwarsa a wurin take tsayawa, sai an kira shi da sunansa a kowace gada har gida. Kawu Tongdi, ƙanen Inna, shi ya rako gawar a mota, shi aka ɗora wa kiran. Ya ce baƙin ciki ya yi masa yawa, ya kurɓi giyar shinkafa don ya samu ƙarfin zuciya. Barci ya kwashe shi tun kafin gada ta farko.

Tun daga ranar da Inna ta ji haka, abinci ya daina wuce mata. Kullum tana zaune a ƙofar gida, ido a kan hanya. "Yana can tsaye cikin rana," take cewa, "ko hula babu." Oratai ta kawo magani, ta kawo likita, Inna sai ƙara ramewa take. Daga ƙarshe ta kai keken wurin mai gyara, ta ɗauki hutu, ta je inda abin ya faru. Ta kunna turaren tsinke a gefen kwalta, ta ce, "Taso mu tafi gida."

*

Tun kafin ta hango rufin gidan ibadar ƙauyensu ta fara jin kiɗa. Bikin ruwan bana ya kankama. A bakin hanya yara na sheƙa wa duk mai wucewa ruwa, wata tsohuwa ta tare ta, ta shafa mata farar hoda a kumatu tana yi mata addu'a. Oratai ta yi murmushin yaƙe. Ta san wannan mako. A asibiti ba ta runtsawa a cikinsa: ƙafafu a karye, kawuna a fashe, warin giya ya cika ɗakin. Kowace shekara dangi su zo su yi kuka, su ce ranarsa ce ta zo. Ranarsa! Kamar ranar ce ta buɗe kwalba, ta kuma murɗa makulli.

Saura gada ɗaya, wadda ke kan rafin ƙauye. Tana isowa wata akori-kura ta taso daga ɗaya ɓangaren tana tangaɗi, ta ci birki dab da tayarta ta gaba. A baya an cika durom da ruwa, jikokin gidansu sun kewaye shi suna ihu, lasifika na neman tsaga kunne. Kawu Tongdi ya leƙo ta taga, ido jajir.

"Likitar gidanmu! Dube ta, ta ƙone kamar kifin da aka manta a wuta. Ku ɗora keken nan a baya, mu shigar da ita gari da kiɗa!"

Warin ya riga maganarsa isowa gare ta.

"Kawu, a kashe kiɗan nan. Ba zai ji sunansa ba."

"Haba 'yar nan, yau biki ne. Shi ma Panya ai mai son rawa ne."

"Kawu ya sha."

"Ɗan jiƙa maƙoshi! Hanyar nan ko ido rufe na san ta. Tun ba a haifi uwarki ba nake bin ta."

"Inna ta girme ka, Kawu."

Wata mata a bayan motar ta tuntsire da dariya. Oratai ba ta yi ba. Ta jingine keken, ta zura hannu ta taga, ta kashe motar, ta zare makullin ta jefa a aljihu. Kiɗan ya ɗauke ɗif. Sai kukan tsuntsaye da ɗigar ruwa daga durom.

"Ke! Ni za ki yi wa haka a gaban yara?"

Ta haɗa tafukan hannunta a ƙirji don girmamawa. "Kawu ya gafarce ni. Na ɗauko shi tun daga kudu, ban tsallake gada ko ɗaya ba. Wannan ce ta ƙarshe. Ba zan bari a sake sa shi a motar da za a manta da shi ba."

Kawu ya juya wajen keken. Ya daɗe yana kallon shuɗiyar rigar. Sannan ya sauko, ya dafa ƙarfen gadar, ya sunkuyar da kai.

Oratai ta kama keken tana turawa, yara suka biyo ta tsit. Ta kaɗa ƙararrawa.

"Panya, ga gadarmu. Inda ka faɗa ruwa kana neman kaguwa, ka tuna? Taho."

Daga bayanta wata dasasshiyar murya ta ɗauka: "Panya, ɗana. Kawunka ne. Taho gida, Panya."

*

Inna na ƙofar gida da farin zare a hannu, irin wanda ake ɗaura wa wanda ya dawo gida. Ba ta dubi fuskar 'yarta ba, kujerar baya ta duba.

"Kin kira shi a dukkansu?"

"A dukkansu, Inna."

Tsohuwar ta shafa rigar a hankali. "Ka sha rana, auta." Ta ɗaura zaren a kan keken, ta ɗaura wani a wuyan hannun Oratai. Sannan ta zauna a tabarma, ta buɗe kwandon shinkafa mai danƙo, ta dunƙula loma ta kai baki. Ta sake dunƙula wata. Oratai ta juya baya don kada a ga idonta.

Maƙwabta suka fara cika tsakar gida. Wani ya ce ƙanƙara ta ƙare, kwalaben giya ma sun yi ƙasa, ga baƙi. Inna ta taɓa gwiwar 'yarta, ta yi ƙasa da murya.

"Mayar wa kawunki makullinsa."

"Inna, a buge yake."

"Na sani. Amma yau rana ce mai kyau, kada ki kunyata shi. Kasuwa ce kawai, nan da nan zai dawo." Ta zura hannu a aljihun Oratai da kanta, hannun da ba shi da nauyin komai, ta ciro makullin, ta miƙa wa Kawu.

Ba a jima ba kiɗan ya sake tashi daga wajen rafi. Oratai ta fita ƙofar gida, ta tsaya kusa da keken. Can ta hango akori-kurar, yaran sun koma cikinta, ta hau gadar, tana karkata hagu, tana dawowa dama, ƙananan hannaye na ɗago mata daga baya. Yatsanta na kan ƙararrawar, tana bin kawunan yaran da ido, leɓɓanta na maimaita sunayensu ɗaya bayan ɗaya.