Fankar Falo Ba Ta da Laifi

Mai gyaran fanka ya kwance fankar falonsa ya ɗaura har ya gaji, amma kullum matarsa sharkaf take da gumi.

"Malam, fankar nan taka wasa take yi," in ji ta.

Shi kuwa sanyi yake ji. Tsoro ya kama shi, ko wata muguwar cuta ce ke cin ta.

Ya kai ta asibiti, likita ta duba ta, ta ce, "Al'ada ce ke ɗaukewa, Baba. Wani sinadari ya ragu a jikinta, za mu ba ta ƙwayar da za ta mayar da shi."

Bayan 'yan makonni ya tarar da ita lulluɓe da zane.

"Rage fankar nan, za ta kashe mutum," in ji ta.

Ya zauna yana dariya, har da ƙwalla.