Fumfunar Bushira

Barira tana tsakar gida tana baza shinkafar da ta turara a kan tabarma, sai Haruna ƙanin marigayi mijinta ya yi sallama. Wandonsa duk laka har gwiwa. Ya tsaya yana murza hularsa, ya ce, "Yaya Barira, sai haƙuri. Kwalekwalen da ya ɗauko su daga fadamar Auyo ya kife. An ciro kowa da rai, ban da Bushira."

Abin da ya fito daga bakin Barira, wanda har yau in ta tuna sai ta ji kamar ta mari kanta, shi ne, "To matsa mana, ka taka min shinkafa." Ya matsa. Ta ƙarasa baza abinta tsaf, sannan ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka.

Bushira 'yarta ce ta fari, don haka Barira ba ta kiran sunanta, 'Yar Boko take ce mata. Ta yi karatu har ta samu aiki a wani wurin binciken noma a Kano, kuma aikin nata kiwon fumfuna ne. Barira kuwa duk unguwarsu a Haɗeja an san ta da tsabta. In tuwon jiya ya yi gashi, sai ta dirje kwanon da toka har ya koɗe. Ita ce Allah ya ba 'yar da ake biya albashi don ta tara abin da uwarta ke zubarwa.

"Inna, ba duka ce muguwa ba," haka Bushira ta taɓa ce mata. "Akwai mai hawa gyaɗa da masara ta ɓata wa mutum hanta. Wannan koriyar kuwa a ƙasar fadama na samo ta. In aka zuba ta a gindin tattasai, ita ke faɗa da cutar da ke ruɓar da saiwa."

"Wato ɓarawo kika ɗauka gadi."

"Kuma yana gadin, Inna."

A zuwanta na ƙarshe ta taho da kwalabe, kowacce da ɗan tsakin shinkafa a ciki ya yi kore shar, an toshe bakin da auduga. Gonakin da za ta gwada su nan kusa suke, shi ya sa ta jera su a ɗakin uwar, a kan adakar kayanta ita Bushirar. Da za ta fita ranar da abin ya faru ta ce, "Inna, kar rana ta taɓa su, kar kaji su ture. Wahalata ta shekaru ce a ciki."

Da aka watse daga zaman makoki, gida ya yi tsit, Barira ta tarar mata masu taya aiki sun kwaso kwalaben sun tara a bakin ƙofa don a zubar. Ta mayar da su ɗaki, amma ba kan adakar ba, domin wannan lungun ko kallonsa ba ta iya yi. Ta share musu wuri a gindin gadonta. Kabarin Bushira yana maƙabarta, mace ba ta zuwa. Abin da 'Yar Boko ta bari mai rai a duniya shi ne wannan, kuma Barira ta ɗaura aniyar ba zai mutu a hannunta ba.

To, Barira ta yi kiwon awaki, ta yi na kaji, ta raini 'ya'yan mutane da dama. Duk abin da ta sani game da mai rai shi ne yana son ci, yana son sha, yana son addu'a. Da ta ga shinkafar ciki ta bushe, sai tausayi ya kama ta. Ta zare audugar, ta ɗiga wa kowacce ruwan randa. Kashegari ta gutsura musu tuwo. Kullum bayan ta idar da sallar asuba kuma sai ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ta karanta abin da ta iya, ta tofa a ciki, kamar yadda take tofa wa Bushira a ka tana ƙarama in za ta makaranta.

Suka kuwa amsa. Kore ya fara dushewa, baƙi ya taso, wata ta yi ruwan ɗorawa, wata ta yi kumfa. Barira ta ji daɗi, ta ce a ranta girma ne, ai ɗan tsako ma yana canja launi.

Maƙwabciyarta 'Yar'azumi, wadda suka yi yarinta tare, ta leƙo wata rana ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Ke Barira, daddawa kika koma yi ba ki gaya min ba?"

"Aikin ilimi ne, ba ki da kan ganewa."

"Ilimin ne ke wari haka? Gara da ban yi ba. Wallahi ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya shigo ɗakin nan."

"To ke wa ya gayyace ki?"

"Hancina ne ya kawo ƙara." Ta zauna a bakin gado, ta dubi kwalaben, ta dubi Barira. Da za ta tafi ta ce, "Ki dai riƙa cin abinci, kar ki ba su duka."

Ruwa ya janye daga fadama, an fara dashen tattasai, sai ga baƙuwa a kan babur. Patience ce, 'yar kudancin Kaduna, abokiyar aikin Bushira, wadda ta sha cin tuwon gidan. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, suka yi kukansu suka share. Sannan ta ce, "Mama, wata magana ce ta kawo ni. Firjin da muke ajiye irin fumfunar Bushira ya lalace lokacin hutu, duk abin da ke ciki ya ɓaci. Ba mu da ko ɗigo. Ta gaya min ta kawo wasu nan. Don Allah ba a zubar ba?"

Barira ta miƙe da ƙarfin da rabonta da shi tun ranar shinkafa. "Zubarwa? Zo ki ga yadda suka yi ƙiba."

Patience ta ɗaga kwalba ta farko ta duba a hasken ƙofa. Ta ajiye, ta ɗaga ta biyu. Fuskarta ta sauya.

"Mama, buɗe su kike yi?"

"Kullum. Da ruwa, da ɗan tuwo, da addu'a. Ban taɓa fashi ba."

"Addu'ar... a ciki kike tofawa?"

"To a ina ake tofa addu'a?"

Patience ta zauna a ƙasa. A hankali, kamar mai gaya wa mara lafiya sakamakon asibiti, ta bayyana mata cewa audugar nan ƙofa ce. A iska, a ruwan randa, a bakin kowane mutum komai tsabtarsa, akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani. Duk buɗewa ɗaya sai sun shiga, ruwan da tuwon kuma suka ba su wurin zama, suka cinye koriyar.

"To wannan baƙin na waye?"

"Na gidan nan ne, Mama. Irin wanda ke hawa tuwon jiya."

Barira ta kalli jerin kwalabenta. Wata da watanni tana tashi da asuba tana yi wa ƙazantar da ta yi shekaru tana yaƙa addu'ar tsari, tana hana cikinta tana ba ta. Dariya ta ƙwace mata, daga nan ta juye kuka, Patience ta riƙe ta har ta lafa.

Barira ba ta so yarinyar ta koma hannu banza. Ta ce, "Taya ni jawo adakar can, ki ɗauki ko mayafi ɗaya na ƙawarki. Ni na kasa taɓa ta." Suka kama hannu bibbiyu suka ja. Wani abu ya gangaro daga bayanta ya tsaya a ƙafar Barira. Kwalba ce, duk yanar gizo, da alama ta faɗa can tun hargitsin makoki. Audugarta na nan daram, cikinta kore shar.

Barira ta kai hannu, Patience ta yi wuf ta riga ta. "Mama, yi haƙuri!"

"Ɗauke, 'yata. Ɗauke ta nesa da ni. Wadda ba ta samu albarkata ba ita ce ta rayu."

Da 'Yar'azumi ta ji labari sai ta ce daga yau ko ciwon kai take kar Barira ta kuskura ta yi mata tofi.

Patience ta tafi da kwalbar Kano, irin ya tashi. Da ta dawo zuba shi a gonakin gwaji na Auyo, ta biyo ta gidan ta miƙa wa Barira wata 'yar kwalba, an toshe ta da auduga, an naɗe bakin da leda, an ɗaure da zare tamau. Ta ce wannan ta Mama ce, ba ta son ci, ba ta son sha.

Tana nan a kan adaka, inda rana ba ta kaiwa. Kullum in Barira ta idar da sallar asuba sai ta matsa kusa da ita, hannuwanta a cinya, ta karanta abin da ta iya. In ta zo wurin tofi, sai ta juyar da fuska wajen bango.