Tsiron Gawo a Gonar Mutari

Mushe Takawa, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, ya karanta filozofi, wato falsafa, a Dakar, ya dawo yana koyarwa a Buza. Magana ɗaya yake ta juyawa: waɗanda ba a haifa ba tukuna maƙwabtanmu ne, suna da hakki a kanmu kamar mutumin da ke bayan danga. Jama'a su saurara, su ce gaskiya ne, su koma su yi abin da suka saba.

Bazarar da ta biyo bayan fari, ya hau tudu zuwa gonar gidansu, inda wansa Mutari ke sassabe. A ƙasar nan, gonar manomin kirki sai ta fita fes. Wanda ya bar tsiro a cikinta, raggo ne. 'Yan tsiron gawo ne suka rage, ba su kai gwiwa ba.

"Yaya, bar waɗanga," in ji Takawa.

"Don wa?"

"Don jikokin Cima."

Mutari ya yi dariya. Cima ɗiyarsa ce, ko yaye ta ba a yi ba.

"Mushe, mutanen nan naka suna zuwa gayya? In 'yan mata sun sa ni waƙar raggo, su za su rama mini?"

"Ba su da baki. Shi ya sa muke cin rabonsu ba kunya."

"To, zamna ka huta. Boko ta dafa maka kai."

Takawa ya zauna bisa dutse. Rana tana rawa a kan ƙasa, idonsa ya yi nauyi. Sai ya ga kwarin da ke ƙasan gonar ya cika da manyan gawo, inuwa tana tafiya a hankali kamar ruwa. Awaki suna tsintar 'ya'yan da suka zubo. Wata tsohuwa mai goshin Cima ta sauke tulu, ta miƙe ƙafafu, yara sun kewaye ta. Ba wanda ya dube shi, ba wanda ya san sunansa. Ya ji hakan ya yi masa daidai.

Ƙarar adda ta tashe shi. Mutari ya share duk 'yan tsiron da ke bakin hanya, inda masu wucewa ke gani. Na bayan duwatsu suna nan tsaye.

"Waɗancan ban gan su ba," in ji Mutari, yana share gumi. "In an tambaya, haukarka ce."

Takawa ya tashi ya shiga jan ƙaya, yana kewaye su saboda awaki.