Ƙafar Mijinyawa da 'Yan Dubiya

Mijina, Allah ya jiƙansa, Mijinyawa sunansa. Yanzu da tsufa ya cim mini ina iya kiran sunan gatsal, amma tun ranar da aka kawo ni gidansa a Durun har ya koma ga Allah, Malam nake ce masa. Mutumin kirki ne, wannan ba musu. Sai dai kirkin nasa wani lokaci yakan sa in ji kamar in ɗora hannu a ka in kurma ihu. Bai taɓa kai abu bakinsa a gaban mutum bai ce masa bismillah ba. Ko ɓarin goro ne sai ya gutsura ya miƙa. Na sha tuƙa tuwon mu biyu in leƙa zaure in tarar da ƙarti sun jeru suna wanke hannu.

Wata damina, a ƙarshe-ƙarshen mulkin Turawa, yana huɗar gyaɗa galma ta kuɓuce ta sare shi a ƙwauri. Ya ɗebi ƙasa ya barbaɗa, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aikinsa. Na yi magana ya ce ƙwarzane ne. Kafin mako ya zagayo ƙafa ta koma kamar turmi, tana ƙyalli, mugunya na tsiyaya, ga kaluluwa a matsematsi, ga zazzaɓi mai kaɗa haƙora. Wanzami ya yi sakiya, aka shafa wannan aka jiƙa wancan, ciwo sai gaba yake yi.

Ya'u maƙwabcinmu, abokinsa tun na wasan ƙasa, shi ya ce a kai shi ɗakin maganin En'e, wato na hukumar sarki, da ke Gwarzo. Muka ɗora shi a jakin Ya'u, ni ina biye da goran ruwa, ina kuka ina sharewa da bakin mayafi.

Malamin asibitin wani saurayi ne ɗan siriri, Malam Dalhatu. Da farko na raina shi, na ce a raina wannan ko gemu bai tsayar ba me ya sani. Ya kwance tsumman, ya duba, ya bi wani jan layi da ya taso daga ciwon ya nufi cinya da yatsa, fuskarsa ta canza. Ya wanke ciwon tas, Malam yana cije leɓe. Sannan ya tambaya.

"Baba, ka taɓa shan maganin asibiti jikinka ya fese da ƙuraje, ko bakinka ya kumbura?"

"Ban taɓa shan maganin Bature ba, Malam."

Ya yi masa allura, ya sa muka zauna a inuwa, yana leƙo shi jifa-jifa. Da ya ga ba abin da ya taso, ya kawo wasu fararen ƙwayoyi a ɗan gwangwani, ya ce fenisilin sunansu.

"Ɗaya da asuba, ɗaya da azahar, ɗaya da magariba, ɗaya in za ka kwanta. Za ka ji sauƙi tun ba su yi rabi ba, to kada wannan ya ruɗe ka. Kamar noma ne, Baba. In ka nome rabin gona ka ajiye fartanya, ciyawar da ka bari ita za ta cinye ta. Sai ka shanye su kakaf. Kuma naka ne kai kaɗai, daidai ciwonka na auna. In jan layin nan ya kai cinya ya fi ƙarfina, sai birni, can kuwa ina tsoron yankewa za su yi."

Yankewa. Kalmar ta zauna mini a ƙahon zuci har muka iso gida. Manomi ba ƙafa, ga gyaɗa a gona, ga 'ya'ya ƙanana.

Magani kuwa ya yi abin mamaki. Cikin 'yan kwanaki zazzaɓi ya sauka, kumburi ya fara saɓewa, Malam ya nemi fura da bakinsa. Labari ya bazu har ƙauyen Masanawa cewa Mijinyawa da aka fitar rai a hannun Allah ya tashi da ƙwayar Bature. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure saboda 'yan dubiya, tun hantsi suke cika shi har bayan magariba. Tunda can yake wuni, gwangwanin ma sai ya koma aljihunsa. Ina daga cikin gida nakan ji muryarsa wajen azahar yana cewa, "Bismillah jama'a, bismillah mana." Ni a zatona goro ne.

Ranar da na karɓi rigarsa zan wanke, na ɗauko gwangwanin na ji shi sakayau. Na girgiza, na buɗe. 'Yan tsiraru ne suka rage a gindi. Na jira zauren ya yi sauƙi na faɗa ciki kamar an jeho ni.

"Malam, ina maganin nan?"

Ya sosa ƙeya. "Yo Barira, ya kike so in yi? Mutum ya bar gonarsa ya tako ya zo duba ni, in zaro abu in jefa a baki yana kallona? Sajo bayansa ke ciwo. Liman idonsa ke ruwa. Wane ma matarsa ce ba ta jin daɗi."

"Goro ne? Na ce goro ne da za ka bi mutane kana miƙawa?"

"Ai na warke. Dubi ƙafar. Ni kwana biyu ma ban sha ba, na bar wa masu bukata."

Wallahi ban taɓa ɗaga masa murya irin ta ranar ba. Na faɗi abin da na faɗa, ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Haushin da ya fi ci mini rai shi ne har cikin zuciyarsa bai ga laifin da ya yi ba.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya dawo, ya fi na farko zafi. Ƙafa ta sake cika, jan layin nan ya wuce gwiwa. Ina kallonsa yana hawa kamar ruwa a gefen rijiya.

Nan na yi abin da 'yar mutunci ba ta yi a garinmu. Na yafa mayafina da la'asar na bi gida-gida ina roƙon a dawo mana da kyautar da mijina ya bayar. Ko yaro aka ba abu aka ce ya dawo da shi sai an yi masa dariya, balle ni da girmana. A kowace ƙofa sai na tsaya na haɗiye kunya kafin in yi sallama. Wata ta taɓe baki ta ce ba ta san rowa ta shigo gidan Mijinyawa ba sai yau. Na ji, na shanye. Wani ya zaro tasa ƙwayar daga naɗin hula, ta yi baƙi da gumi. Wani ya riga ya kai wa baduku an ɗinke masa ita a fata ya rataya wa ɗansa. Wata tsohuwa ta ce ta daka tata ta zuba a kunu gida duka sun sha.

Gidan Sajo na ƙarasa. Matarsa Marka ta tare ni tun daga tsakar gida tana tafa hannu.

"Gara da Allah ya kawo ki, Barira. Zo ki ga abin da maganin mijinki ya yi mana."

Na leƙa ɗaki na ga Sajo zaune, leɓɓansa sun kumbura sumtum, jikinsa duk ya yi ruɗu-ruɗu, yana ta susa kamar zai yage fatarsa. Ciwon bayan kuma yana nan inda yake. Tsoro ya kama ni, na manta da kunyar da na shigo da ita.

Washegari jakuna biyu muka kora zuwa Gwarzo, ɗaya ɗauke da Malam, ɗaya da Sajo, Ya'u na gaba. Na kwance bakin zanina na zube wa Malam Dalhatu abin da na tattaro. Ya dubi ƙwayoyin, ya dubi ƙafar, ya dubi bakin Sajo. Na ɗauka zai kore mu. Ya ja dogon numfashi, ya fara da Sajo, ya yi masa allura ya ba shi wani abin sha.

"Baba, Allah ya yi da sauran kwananka. Wani irin wannan kumburin a maƙogwaro yake masa, numfashi ya tsaya. Jininka bai karɓi fenisilin ba. Duk asibitin da ka shiga har ƙarshen rayuwarka, wannan za ka fara faɗa musu. Kuma shi ba ya maganin ciwon baya."

Ya tattara waɗanda na roƙo ya watsa su a bokitin shara. Na ji kamar ya watsar da ni, ganin irin kunyar da na sha kafin in same su.

"Yi haƙuri Inna, sun ɓaci, ba zan ba shi su ba." Ya juya ga Malam. "Baba, me ya kai ka?"

Malam ya ce a hankali, "Ba na iya cin abu baƙo na kallo, Malam. Haka na taso."

Malam Dalhatu ya dube shi. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, kuma har gobe ina gode masa a kan haka. Ya sake wanke ciwon, ya yi allura mai zafi, ya buɗe kabad ya juye ragowar kwalbar a gwangwanin. Ni ya miƙa wa.

"Ba ni da wasu sai motar birni ta zo, kuma ban san ranar zuwanta ba. Waɗannan za su kai shi, in ba a taɓa ko ɗaya ba. In aka sake rabawa, Inna, ba ni da abin da zan yi wa ƙafar nan."

Ya'u yana tsaye a bakin ƙofa, riƙe da igiyar jaki, duk ya ji.

Na ƙulle gwangwanin a bakin zanina, ko wanka da shi nake shiga. Na asuba da na kwanciya ba su dame ni ba, daga ni sai shi. Na azahar da na magariba su ne tashin hankalina. Ba dama a hana 'yan dubiya zuwa, shi kuma ba zai iya takawa ya shigo ciki ba, in an ɗauko shi a gaban mutane kamar an kore su ne. Na san halin kayana. Ko a tafin hannu na sa masa ƙwayar, in akwai ido a kansa sai ya ɓare ta biyu.

Azahar ta yi, hadari ya haɗo, an fara yayyafi. Na tsaya a ƙofar zaure ta ciki, ƙwaya a hannun dama, moɗar ruwa a hagu, zaure cike maƙil. Na rasa ta inda zan fara. Malam ya hango ni ya kawar da kai.

Sai Ya'u ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Jama'a, ku taso ku taya ni duba jakin nan, tun jiya nake ganin kamar yana ɗingishi."

Wani ya ce, "Haba Ya'u, cikin ruwan nan?"

"Cikin ruwan nan. Liman, bismillah. Sajo, tashi."

Sajo, da bakinsa bai gama saɓewa ba, shi ya fara tashi. Ɗaya bayan ɗaya suka zura takalma suka fice, har tsoffin da sai da sanda. Ashe Ya'u ya riga ya bi su ya faɗa musu abin da ya ji a Gwarzo. Na leƙa na gan su a ƙofar gida sun ba zaure baya, sun zagaye jakin da lafiyarsa ƙalau, ruwa na sauka a kan hulunansu.

Na durƙusa na miƙa masa. Ya karɓa, ya juya dama ya juya hagu, ba kowa. Ya jefa a baki ya kora da ruwa, sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ni ma na kasa riƙe nawa.

"Barira, kin ga mutanen nan?"

"Na gan su, Malam. Shanye ruwan."

Haka suka yi ta yi kullum, azahar da magariba. Tun ana fakewa da jaki har aka daina, lokaci na yi sai kawai ka ji ana neman takalma. Matar nan da ta kira ni marowaciya da kanta ta riƙa leƙowa ta katanga tana cewa, "Barira, rana ta karkata fa, kin ba shi?" Da jikinsa ya yi ƙarfi ya so ya fara tsohon zancensa na ai ya warke, Ya'u ya ce in bai shanye ba su ma ba za su daina tsayuwa a waje ba. Kunyar wannan ta sa ya haɗiye har ta ƙarshe.

Jan layin ya koma ƙasa ya ɓace. Ciwon ya kame ya bar tabo mai faɗin tafin hannu. Da muka koma Gwarzo da ƙafarsa ya taka, yana ɗan ɗingishi, ɗauke da zakara da ƙwaryar ƙwan zabi. Malam Dalhatu ya ƙi karɓar zakaran, ya ɗauki ƙwai biyu don kada mu ji ba daɗi.

Da ƙafar nan Malam ya yi ta noma har ya aurar da 'ya'yansa duka. Malam Dalhatu an yi masa canji bayan 'yan shekaru, ban san inda ya ƙare ba. Ya'u da Sajo da Liman da sauran waɗanda suka tsaya a ruwan nan duk sun riga ni tafiya. Ni kaɗai na rage da na gan su, kuma duk asuba in na idar da salla sai na kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya kafin in tashi daga kan tabarma.